Tiransifar SEPA a Turai: hanyar ta yi kyau, masu tsaron ƙofa ne matsala

Duk mai zama a ƙasashen da ake kashe Yuro yana amfani da SEPA ko ya san sunan ko bai taɓa ji ba, domin albashi ta nan yake shigowa, kuɗin haya ta nan yake fita, kuɗin wuta da na waya da inshora duk ta nan ake zarewa wata-wata. Sabbin zuwa ne suka fi yawan tambaya, sai ka ji mutum yana Italiya zai tura wa ƙaninsa kuɗi Jamus yana cigiyar wane af ne ya fi sauƙin caji, a yi ta jero masa sunayen kamfanonin tura kuɗi kala-kala alhali abin da yake nema yana nan zaune cikin af ɗin bankinsa, kyauta ko kusan kyauta. In maki ne ni dai zan ba tsarin takwas cikin goma, kuma biyun da na rage yawanci ba laifin tsarin ba ne, laifin waɗanda aka bar wa bin dokar ne da waɗanda aka bar wa tilasta ta.

SEPA ba kamfani ba ne kuma ba af ba ne da za ka sauke a waya. Ƙa'ida ce guda ɗaya da bankuna ke bi wajen tura Yuro, yadda tura kuɗi daga Faransa zuwa Fotugal zai zama daidai da turawa daga wannan unguwa zuwa waccan a cikin Faransa, fom ɗaya, lokaci ɗaya, caji ɗaya. Ƙasashen da ke kashe Yuro sun kai 21 tun da Kuroshiya ta shiga a 2023 sai Bulgeriya a farkon 2026, amma SEPA ta fi haka faɗi, akwai sauran ƙasashen Tarayyar Turai masu nasu kuɗin, akwai Norwe da Suwizalan, Birtaniya ma tana ciki duk da ta fice daga Tarayyar, kwanan nan kuma aka ƙara irin su Albaniya da Moldoba da Sabiya har jimilla ta kai 41. Amma fa Yuro kawai take ɗauka, wannan ku riƙe shi zan dawo kansa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin abin shi ne babu wani mataki mai amfani ga talaka da bankuna suka ɗauka da son ransu, duk sai da doka ta taka musu wuya. Takardun Yuro da sulalla sun fito ranar 1 ga Janairun 2002, kuɗi ya zama ɗaya a aljihu, amma tura shi ta banki zuwa wata ƙasa yana nan da tsada da jinkiri kamar da. A ƙarshen 2001 aka yi dokar da ta ce cajin biyan Yuro zuwa wata ƙasar Tarayya ba zai wuce cajin cikin gida ba. Nan take lissafin bankuna ya canja, tunda ba za su iya ɗora wa kwastoma tsadar ba dole su rage wa kansu tsadar, shi ne suka kafa majalisarsu ta European Payments Council a 2002, tiransifar SEPA ta fara aiki a Janairun 2008, cirar kuɗi kai tsaye daga akawun kuma a Nuwamban 2009. Ko da aka fara ɗin ma ja da baya aka yi ta yi, kowace ƙasa ta riƙe tsohon tsarinta tana cewa ai namu yana aiki lafiya, sai da aka sake yin wata doka a 2012 aka sa wa'adin 1 ga Fabrairun 2014, shi ma wa'adin da ya zo ba a shirya ba aka ƙara wata shida zuwa Agusta. Wannan halin za ku sake ganin sa a gaba, bai canja ba.

Lambar da komai ya rataya a kanta ita ce IBAN, wato lambar akawun ta ƙasa da ƙasa. Haruffa biyu na farko ƙasa ce, DE Jamus, FR Faransa, IT Italiya, ES Sifaniya, sai lambobi biyu na tantancewa, sai sauran lambar banki da ta akawun. Tsawon ya bambanta, ta Beljiyam 16 ce, ta Holan 18, ta Jamus 22, ta Faransa da Italiya 27, Malta har 31, kar wani ya ga tasa ta fi ta abokinsa gajarta ya ɗauka an yanke masa wani abu. Waɗannan lambobi biyun na tantancewa suna da amfani sosai wlh, in ka yi kuskuren lamba ɗaya ko ka juya biyu af ɗin zai ƙi karɓa tun kafin kuɗi ya motsa. Da can sai ka haɗa da lambar BIC ta banki, tun Fabrairun 2016 aka daina tilasta ta tsakanin ƙasashen Tarayya, amma har yau akwai fom ɗin da ke tambaya saboda ba wanda ya damu ya gyara fom ɗin. Wajen rubuta dalilin biya harafi 140 ne kawai, kuma kar ka ɓata lokaci da ƙ da ɗ, yawancin bankuna ba su san su ba.

Tiransifa iri biyu ce. Ta yau da kullum doka ta ce ta isa kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba, kuma gaskiya tana isa, matsalarta ranar aiki ɗin ce. Ka tura da yammacin Juma'a sai Litinin, in kuma ka yi rashin sa'a ka tura da yammacin Alhamis ɗin Ista to Juma'a a rufe, Asabar da Lahadi a rufe, Litinin a rufe, sai Talata, kuɗi ya fita daga wajenka bai shiga wajen mai shi ba kowa na kallon kowa. Ta biyun ita ce ta nan take, daƙiƙa goma, dare da rana, har ranar Kirsimeti. An fara ta tun Nuwamban 2017 da iyakar Yuro 15,000, a 2020 aka ɗaga zuwa 100,000, Babban Bankin Turai ma ya buɗe nasa tsarin mai suna TIPS a 2018 don bankuna su riƙa sasanta kuɗin a tsakaninsu nan take. Amma shekara da shekaru abin ya zama kamar kayan gata, wani banki yana da shi wani babu, wanda ke da shi kuma sai ya sa caji na musamman a kai, kai kuma da za ka tura Yuro ashirin ina za ka yarda a cire maka wani abu a kai don sauri. Sai da aka sake yin doka a 2024. Daga 9 ga Janairun 2025 dole kowane banki a yankin Yuro ya iya karɓa kuma cajin kar ya wuce na tiransifar yau da kullum, daga 9 ga Oktoban 2025 dole ya iya turawa. In bankinka ba ya cajin ta yau da kullum, to ta nan take ma kyauta ce, shikenan.

Nan ne na fi jin daɗin abin. Ka je sayen firij na hannu wajen wani ranar Lahadi, ba ka zo da tsabar kuɗi ba shi kuma bai san ka ba, sai ya karanto maka IBAN kana shigarwa, ka danna, kafin ka mayar da waya aljihu tasa ta yi ƙara, ya duba ya ce ya shigo, ku kama firij ku sauko da shi. Bankinsa na Holan ne naka na Jamus, ba wanda ya ma lura. Kuma in bai wuce ba cikin daƙiƙa goman dole bankinka ya mayar maka da kuɗinka cikin akawun nan take, babu zancen kuɗi ya maƙale a hanya ka zo ka cike fom ka jira sati biyu.

Tare da wannan aka kawo tantance suna, shi ma daga Oktoban 2025. Kafin nan, abin da mutane da yawa ba su sani ba, banki IBAN kawai yake bi, ko sunan wa ka rubuta kuɗi zai tafi inda lamba ta nuna. Yanzu kana sa suna da IBAN bankinka zai tambayi bankin can, sai a ce maka ya dace, ko ya kusa dacewa a nuna maka yadda sunan yake a wajensu, ko bai dace ba sam, ko kuma ba a iya dubawa ba. Abu ne mai kyau kuma kyauta ne. Sai dai mu da sunayenmu muna shan jan rubutu, mutum ɗaya kai ka san shi da Muhammadu, fasfonsa Mohammed, wani mai fasfon ƙasar da ake Faransanci kuma Mahamadou, ga wanda kowa ke kira da laƙabi ba wanda ya san sunansa na takarda, ga wanda bankin ya ɗauki sunan mahaifi ya sa a gaba. Shagunan ma haka, sunan da ke jikin allo daban sunan da aka yi rajista da shi daban. To shawara dai ka ce mutum ya turo maka sunan yadda yake a akawun harafi da harafi. Domin in aka ce bai dace ba ka ce a tura a haka, za a tura, amma in kuɗin ya faɗa hannun da ba shi ba kai ka jiyo, bankin ya wanke hannunsa. Abin da nake tsoro shi ne mutane su saba da ganin gargaɗin su riƙa dannawa ba karantawa, ranar da gargaɗin zai zama na gaske kuma an riga an saba.

Saurin nan kuma yana da nasa sharrin. Kuɗin da ya tafi cikin daƙiƙa goma ya tafi. In wani ne ya shiga akawun ɗinka ya tura ba da izininka ba doka tana bayanka, banki zai biya ka sai in ya nuna ka yi sakaci mai yawa. Amma in kai ne da hannunka ka tura, an yaudare ka da hoton ɗakin haya da babu shi ko an kira ka a waya an ce daga bankinka ne ka kwashe kuɗinka zuwa wani akawun mai tsaro, to a nan abin da banki zai iya shi ne ya roƙi bankin can a dawo da kuɗin, roƙo ne ba umarni ba, su kuma 'yan damfara ba sa barin kuɗi ya kwana. Ɗalibai masu neman ɗaki tun kafin su iso garin su suka fi faɗawa wannan. Dokar 2024 ɗin ta ba ka damar sa wa kanka iyaka, ko a rana ko a kowace tiransifa, dan Allah ku shiga saitin af ku sa, ba ya cin minti biyu.

Cirar kuɗi kai tsaye, wadda Jamusawa ke kira Lastschrift Faransawa kuma prélèvement, ita ce mutanenmu suka fi tsoro kuma ita ce ta fi kare kwastoma. Ka sa hannu ka ba kamfani izini ya riƙa cira, amma duk abin da aka cira kana da sati takwas ka ce a dawo maka da shi ba tare da an tambaye ka dalili ba, a wasu bankunan ma maɓalli ne kawai a af. In kuma babu izininka tun farko wata 13 gare ka. Sai dai a gane, dawo da kuɗi ba ya goge bashi, in da gaske ana bin ka to wasiƙa za ta biyo baya da tara a kai.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Dokar 2012 ɗin nan, sashe na 9, ta faɗa ƙarara cewa mai biyanka ko mai cirar kuɗi a wajenka ba shi da ikon ce maka sai akawun na ƙasa kaza, muddin akawun ɗin na cikin Tarayyar ne kuma ana iya kaiwa gare shi ta SEPA. Fiye da shekara goma ke nan. Amma je ka yi rajistar layin waya ko wajen motsa jiki ko inshora da IBAN na wata ƙasa ka gani. Na taɓa zama gaban wata ma'aikaciya a wani ofis, ta miƙo fom an riga an buga DE a farkon layin sai akwatuna ashirin a gaba, ni kuma nawa IBAN ɗin ba da DE ya fara ba kuma ya fi akwatunan tsawo. Ta juya fom ɗin ta duba baya kamar za ta ga wani layin, ta gwada a kwamfuta ya nuna ja, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce kwamfuta ba ta karɓa, in je in buɗe akawun na nan. Ba mugunta take yi ba, ita ma ba ta san akwai dokar ba, wanda ya rubuta musu manhajar ne bai yi aikinsa ba kuma ba wanda ya ci tarar kowa balle a gyara. Har masu ba da aiki akwai masu cewa ba sa biyan albashi sai a akawun na ƙasar, har wasu ofisoshin gwamnati, su da ya kamata su fi kowa sanin doka.

Dalilin kuwa a fili yake, dokar ta Turai ce gaba ɗaya amma hukunta mai karya ta an bar wa kowace ƙasa, wata ta ɗauki abin da zafi wata ko a jikinta. A Faransa hukumar kare masu saye mai suna DGCCRF ce ke karɓar irin wannan ƙorafi kuma tana da ikon cin tara, a wasu wuraren sai ka sha wahala kafin ka ma gano wane ofis ne zai saurare ka. Abin dariyar shi ne bankunan intanet da suka fara da lasisin ƙasa ɗaya, da yawa na Lituwaniya ko Jamus ko Beljiyam, sun gaji da koke-koken kwastomomi sun koma buɗe rassa ƙasa-ƙasa don kawai su ba mutane IBAN mai haruffan gida. Wato maimakon a gyara fom, banki ne ya tashi ya bi fom. Ni abin da na ga yana aiki shi ne kar ka tsaya musu da ma'aikacin da ke gabanka, rubuta imel gajere, ka ambaci doka mai lamba 260/2012 sashe na 9, ka ce in ba a karɓa ba za ka kai ƙorafi hukuma. Sau da yawa sai ka ga kwamfutar da ba ta karɓa ta fara karɓa.

Tunda an zo maganar bankunan intanet, a duba lasisi kafin a zuba kuɗi. Tsarin Turai ya yarda kamfani ya samu lasisi a ƙasa ɗaya ya yi aiki a duk sauran, wannan ne ya kawo gasa caji ya sauka, madalla. Amma ba duk mai ba ka IBAN da kati ne banki ba. In banki ne na gaske ajiyarka tana da kariya har Yuro 100,000 ko da ya durƙushe. In kamfanin e-money ne, wato mai riƙe maka kuɗi a af ko kati ba tare da lasisin banki ba, ko na biyan kuɗi kawai, doka ta ce ya ware kuɗin kwastomomi daban da nasa, amma wancan garantin babu shi. Kuma wanda ke sa masa ido hukumar ƙasar da ta ba shi lasisi ce ba ta ƙasar da kake zaune ba. Wanda ya tuna kamfanin biyan kuɗi na Wirecard a Yunin 2020, da aka wayi gari Yuro biliyan 1.9 da ke cikin littafinsu babu su a ko'ina, ya san sa ido ɗin ma wani lokaci barci yake yi, kuma a Jamus aka yi wannan ba wata ƙaramar ƙasa ba.

Sai rufe akawun ba zato, wannan kam ya fi cin mutanenmu. Kuɗi ya shigo maka daga mutum biyar a sati ɗaya saboda ana haɗa gudummawa, kwamfutar da ke farautar masu wanke kuɗin haram ta ga abin bai yi mata ba, sai kawai ka ga kati ya daina aiki, ka rubuta musu su ce ana bincike ba za su iya faɗa maka komai ba, kuma da gaske doka ta hana su faɗa. In wannan ne kaɗai akawun ɗinka ga haya ta zo, ka shiga uku. Ƙorafi a rubuce dole su amsa cikin ranakun aiki 15, in bai yi ba akwai masu sasanci na kowace ƙasa da aka haɗa a ƙarƙashin FIN-NET don rikicin da ya tsallaka iyaka, amma duk wannan ba ya biyan haya a wannan watan. Akawun biyu a wurare biyu daban, ni dai ban ga wata dabara da ta wuce wannan ba. Kuma wanda banki ya ƙi buɗe wa akawun ya sani tun dokar 2014 duk mai zama bisa ƙa'ida a Tarayyar, har mai neman mafaka, yana da haƙƙin a buɗe masa akawun na yau da kullum, na ajiya da karɓa da biyan kuɗi.

A kanti da tura kuɗi da lambar waya kuwa har yanzu ba a gama haɗewa ba, Sifaniya na da Bizum, Fotugal MB Way, Holan iDEAL, Beljiyam Bancontact, kowa da nasa, kana tsallaka iyaka yawanci sai ka koma kan Visa ko Mastercard. An fito da Wero a 2024 a Jamus da Faransa da Beljiyam don a toshe wannan gibin, a kan tiransifar nan take aka gina shi, yana aiki lafiya in ku biyun bankunanku suna ciki, in ba haka ba ka koma karanto IBAN.

Maganar Yuro kawai da na ce a riƙe. In ka tura zuwa ƙasar da ke cikin SEPA amma tana da nata kuɗin, kamar Folan ko Suwidin, tiransifar kanta ba tsada amma in akawun ɗin can ba na Yuro ba ne bankin zai canja da farashinsa, a nan ake yanka mutum shiru ba a rasit ba. Birtaniya da Suwizalan kuma suna cikin SEPA amma dokar caji ɗaya ba ta hau kansu ba, banki na iya sa caji kuma wasu suna sawa, a duba kafin a danna. Wanda kuma zai tura kuɗi wajen yankin gaba ɗaya, SEPA ba ta da abin da za ta yi masa illa ta kai Yuronsa akawun ɗin kamfanin da zai tura, daga nan caji da farashin canji na kamfanin ne, kuma mafi yawansu in ka biya su ta tiransifa ya fi sauƙi a kan ka biya da kati.